Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Allo Da Dattawan Hausawan Sudan: Kada A Kashe Hannun Yaro Mai Zane

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, alarammomi da gwanaye masu riƙe da tsangayu tun daga Mai Wurno har Gadarif, Kasala, Damazin, Wad Madani da Umdurman. Iyayenmu dattawan unguwa da shugabannin ƙungiyoyinmu, Allah ya ƙara muku girma. Ina yi mana jajen yaƙin da ya auka mana tun daga 15 ga Afrilu 2023. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Ni ɗanku ne, malamin firamare, kuma a gaban irinku na durƙusa na yi karatun allo kafin in san hanyar makarantar gwamnati. Na san wani zai ji kan maganar nan ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman abin sawa a baki, wani na zancen zane. Ku yi mini haƙuri ku ji ni zuwa ƙarshe. Roƙona guda ne. A kusan kowace tsangaya akwai yaron da Allah ya ba hannu, wanda ko an hana shi sai ya zana wani abu a bayan allo, ko a ƙasa, ko a jikin bango. Ina roƙon a daina kashe masa hannun nan, a soma kula da shi.

Bari in fara da mutumin da duniya ta san Sudan da shi a fagen zane, Ibrahim al-Salahi. An haife shi a Umdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai karantar da Alƙur'ani, shi ma da allo da tawada ya buɗe ido. Ya yi karatun zane a Khartum, daga nan aka tura shi makarantar Slade a Landan, ya zauna can daga 1954 zuwa 1957. Ya koyo duk abin da Turawa ke koyarwa: yadda ake auna jikin mutum, yadda ake sa haske da inuwa, yadda ake ƙanƙanta abin da ke nesa a girmama na kusa, yadda ake shafa fentin mai a kan ƙyalle har hoto ya fito kamar zai yi magana. Ya dawo gida da wannan gwaninta, ya shirya nunin zanensa a Khartum. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, sun watse, ba wanda ya sake leƙowa.

Da wani ne sai ya ce mutanenmu jahilai ne, ba su san fasaha ba, ya tattara kayansa ya koma Landan. Shi bai ce haka ba. Ya tsaya ya tambayi kansa abin da mutanen nan suke ratayewa a ɗakunansu, abin da idonsu ya saba da shi tun suna goye. Amsar tana gidan ubansa: rubutun Larabci, allon zayyana na ranar sauka, adon ƙwarya da na faifai da na fata. Sai ya fara sa ɗan rubutu a kusurwar zanensa, ya lura mutane na matsowa su karanta. Ya ƙara baza haruffan a faɗin ƙyallen. Daga baya ya shiga tsinka harafin kansa, ya ja wutsiyarsa, ya buɗe cikinsa, har ya daina karantuwa, wasu siffofi suka riƙa fitowa daga ciki, na tsiro, na dabba, na fuska mai tsawo. Ya rage launukan da ya koyo a Turai, ya koma ga launin ƙasar da yake takawa: ja-ja irin na jar ƙasa, ruwan ƙasa, baƙi, da fari mai dishi-dishi. Ɗaya daga cikin manyan zanukansa na shekarun 1961 zuwa 1965 bai yi shi a kan ƙyallen Turawa ba, a kan damuriya ya yi shi, saƙin audugar nan na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuma ya haɗa fentin mai da fenti mai sheƙi irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga. A 2013 gidan nunin zane na Tate Modern a Landan ya ware masa zaure-zaure ya baje aikin rayuwarsa, abin da bai taɓa yi wa wani ɗan Afirka ba kafin shi. Garin da ya koya masa ƙa'ida shi ne ya dawo yana layi don kallon yadda ya saɓa mata.

Ba shi kaɗai ba ne. Usman Waƙi'allah, mutumin Rufa'a, wanda ya rasu a 2007, da Ahmad Shibrain, mutumin Barbar, wanda ya rasu a 2017, duk harafin Larabci suka fitar daga layin littafi suka mai da shi zane mai tsayuwa da kansa. Su ne ake kira Makarantar Khartum.

Allah ya gafarta malamai, ku dubi jerin kayan nan da kyau: allo, tawada, harafi, zayyana, saƙi. Wanne ne babu a zaurenku? Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Na tuna yadda malaminmu yake yin allon sauka. Sai an wanke allon tas an goge shi ya yi santsi. Zai ja layin gefe da tsinken kara, ba ya auna komai da abin awo sai ido da ɗan yatsa. Da zare da ƙusa yake fitar da da'ira. Baƙar tawadarsa ta gawayi ce da ƙaro, in ta takarda ce kuma a jiƙa bagaruwa da kashin maƙera har ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ga ja, ga rawaya, ga kore, kowanne da ɗan kurtunsa da alƙalaminsa. Zai raba fuskar allon gida-gida, ya cika kowane gida da ɗigo da saƙa da murɗe, launi ba ya hawa kan launi, sannan ya bar fili a tsakiya inda Fatiha da farkon Baƙara za su zauna. Kwana biyu ko uku yana kai, mu kuwa mun kewaye shi ba mai tari. Ranar walima yaro ya riƙe allon ya karanta, a yi addu'a, a ci waina. Bayan shekara sai ka tarar da allon a bayan ƙofa, gara ta ci gindinsa. Ba wanda ya rubuta sunan mai zayyanar a ko'ina. Wannan abu yana ci mini rai, domin abin da Salahi ya sha wahalar shekaru kafin ya komo gare shi, mu muna yinsa da hannunmu muna yar da shi.

Wanda zai ce ba kuɗin fenti, ba takarda, ba buroshi, to ga sauran labarin Salahi. A watan Satumba na 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Shugaba Numeiri ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ya yi wata shida da 'yan kwanaki a kurkukun Kobar, ba a kai shi gaban alƙali ba. An hana fursunoni takarda da abin rubutu. Sai ya samu ɗan guntun fensir ya ɓoye, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kansu, in ya ji motsin gandiroba ya tura su cikin yashi. Tunda takardar ba ta da faɗi, dole ya fara daga ɗan tsakiya, in ta cika ya kawo wata ya jona a gefe, zanen ya ci gaba da yaɗuwa. Da ya fito bai yar da wannan dabara ba, ita ta zama hanyar aikinsa. Babban zanensa na 1984 zuwa 1985 falle tara ne aka jera suka zama ɗaya, kuma da baƙar tawada kawai ya yi shi. Da tsufa ya zo masa a Ingila, ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban ƙyalle, sai ya riƙa buɗe kwalayen magungunan da yake sha yana zane a cikinsu yana zaune a kujera. An kai irin waɗannan zanukan na kwalin magani babban baje kolin Venis a Italiya a 2022.

Ina kawo wannan ne saboda abin da na gani da idona a wata makaranta a nan Gadarif, inda aka sauke mutanen da suka gudo daga jihar Jazira. Wani yaro ɗan wajen shekara goma sha ɗaya ya samu kwalin da aka kawo kayan agaji a ciki, ya buɗe shi ya shimfiɗa. Da gawayin murhu ya zana motar da ta kwaso su: gadon angarib an kife shi a sama ƙafafu huɗu na kallon sama, jarkoki a rataye, mata a cunkushe an ga kawunansu kawai. Ya tsoma yatsa a ragowar zoɓo ya yi sararin sama, da ya bushe sai ya koma wani launi tsakanin ja da toka. Hayaƙin da ke bayan motar da tafin hannu ya murza shi. Ba wanda ya koya masa ko ɗaya daga cikin wannan. Ina tsaye ina kallo wani gardi ya zo ya buge masa hannu, ya ce aikin banza, ya ɗauke kwalin ya kai wa masu hura wuta. Yaron bai yi kuka ba, ya sa hannun a hammata ya koma gefe. Ban ga laifin gardin can can ba, abin da aka yi masa yana ƙarami ne ya maimaita. Amma yaron nan ya ga abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba, ya sami hanyar fitar da shi daga ƙirjinsa, aka toshe.

Na san inda damuwarku take, kuma ba ƙaramar damuwa ba ce. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin sura suna nan a Bukhari da Muslim, mun karanta su a gabanku, ba ni da bakin yin fatawa inda kuke. Amma a littattafan nan guda biyu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin sura yake ci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa in ba makawa, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya nemi wata sana'a ba, ya nuna masa inda zai bi. Kuma filin da ya bar masa ba kaɗan ba ne. Salahi kansa ya shafe shekaru yana zana bishiyar gawo, wadda ke kaɗe ganye da damina ta yi kore shar da rani, ya yi ta a siffa iri-iri, wani lokaci layuka ne kawai a jere ba reshe ba ganye. Ba zan ɓoye muku ba, ya zana fuskoki, wasu ma sun zana. Ku ne za ku zaunar da yaro ku ce masa ga iyaka, ga dalili. Ku ce masa ayar Alƙur'ani ba a tsinka ta don ado, allon karatu daban, allon gwaji daban. Duk wannan tarbiyya ce, kuma aikinku ne. Buge hannu da ƙona kwali ba ya koya wa yaro iyakar komai, ɓoyewa kawai yake koya masa.

Sai maganar 'ya'ya mata, wadda ita ce aka fi yin shiru a kanta. Kamala Ibrahim Ishaƙ, haifaffiyar Umdurman a 1939, tana cikin matan farko da suka gama Kwalejin Zane ta Khartum, ta ƙaro karatu a Landan daga 1964 zuwa 1966, ta dawo ta koyar a kwalejin shekaru masu yawa. Rayuwar mata ta sa a gaba, zamansu a ɗaki, taron biki da na makoki, har da zar, wato irin borin ƙasar nan, da ta yi bincike a kansa, wanda na san ra'ayinku a kai kuma ba shi nake tallata muku ba. Ta riƙa zana mata kamar an rufe su cikin akwatunan gilashi, ana ganinsu amma ba sa iya fita. A 1976 ita da wasu ɗalibanta suka fitar da sanarwa a jaridar al-Ayyam, suka ce su ba za su tsaya inda Makarantar Khartum ta tsaya ba, gado da al'ada kaɗai ba su isa su ɗaure mai zane ba. Ɗaya daga cikinsu, Muhammad Hamid Shaddad, har ƙanƙara ya taɓa bajewa a wurin nuni tare da ledoji cike da ruwa mai launi, mutane na kallo tana narkewa. Wato waɗanda suka saɓa wa Turawa, su ma 'ya'yansu sun saɓa musu. Na faɗi wannan don kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a sa yaro ya yi ta kwafar zayyanar kakansa har ya tsufa ba. A koya masa ita sosai, hannunsa ya faɗa, sannan in ya zo da wani abu da ba ku taɓa gani ba, ku tambaye shi me yake nufi kafin ku yanke hukunci. Yarinyar da ke zana lalle a ƙafar amarya ba tare da ta duba komai ba, layi bai karkace ba, hagu ta yi daidai da dama, hannunta bai gaza na kowa ba. A ba ta takarda a gani.

Haka abin yake a wasu wurare. A Zariya, ƙasar kakannin da yawa daga cikinmu, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiya a 1958 suka ƙi yarda a ce zanen Turawa kaɗai ne zane, kuma a farkon shekarun 1960 an nuna aikin Salahi a Ibadan. A Amurka Jackson Pollock ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa wajen 1947 yana ɗiga masa fentin gida da sanda. A Faransa Matisse, da rashin lafiya ta kwantar da shi, almakashi ya ɗauka yana yanka takarda mai launi.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Alhamis da Juma'a dama hutun allo ne. A ware awa biyu ranar Alhamis da hantsi, a tara yaran da ke da sha'awa, maza a zaure, mata a cikin gida wajen matar malam ko wata babba. Wanda ya iya zayyana a unguwa ya zauna da su. Gawayi akwai, ƙaro kuwa ƙasar nan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi a duniya, bagaruwa na zube a kasuwa, jar ƙasa da farar ƙasa suna bakin kogi, kwali da buhun siminti ba a rasa su. A bar yaran su haɗa launinsu da kansu, su gwada zoɓo, su gwada ganyen shayi, su gwada lalle, su ga wanda ke kama takarda da wanda ke kwaɓewa. Abin da suka yi kada a yar, a sa a cikin akwati guda a ɗakin malam, a rubuta sunan yaro da shekara a baya.

Ku kuma iyayenmu dattawa, akwai aikin da ku kaɗai za ku iya sa a yi. Kun ji abin da ya sami gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Khartum, an wawashe shi a wannan yaƙi. Masu zane da yawa sun gudu sun bar aikin shekaru a ɗakunan da ba su san halin da suke ciki ba. Zanukan da matasa suka cika bangaye da su a wurin zaman dirshan na 2019 a Khartum an shafe su da fenti bayan an tarwatsa zaman ranar 3 ga Yuni. Abin da ya rage a hannun mutane yanzu ya ƙara daraja. A gidajenmu akwai allunan sauka na iyaye da kakanni, akwai Alƙur'anai rubutun hannu da adon da ke raba hizifi da hizifi, akwai gafakar fata, wasu tun zuwan mutanenmu bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903. Ku sa matasa masu waya su bi gida-gida da izinin masu su, su ɗauki hoton kowanne gaba da baya, su tambayi tsofaffi wa ya yi shi, a wane gari, don saukar wa. A adana hotunan a wuri fiye da ɗaya. Tsohuwar da ta san amsar yau tana nan, ba mu da tabbacin baɗi.

Ga ƙungiyoyinmu kuma, masu tara kuɗin biki da na jana'iza da na sasanta rikici: in an tashi tallafa wa ɗalibai, kada a tsaya kan likita da injiniya kaɗai. Kwalejin Zane tana ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, kuma da sunan yaranmu ya kamata a cika takardun shiga kamar na kowa. Wanda bai kai can ba, hannun nan zai ci da shi: rubutun allunan shaguna, adon manyan motoci da raksha mai ƙafa uku, aikin maɗaba'a, zanen littattafan yara, rubutun masallatai. Mun fi shekara ɗari muna noma ƙasar nan, mun tsinci audugar Jazira, mun kama kifin Nilu, agashenmu ya shiga kowace kasuwa. An san mu da ƙarfin damtse da riƙon Alƙur'ani, alhamdu lillahi. Amma rikicin da ya same mu a yankin Damazin a 2022, da hanyar da muka bi muka fito daga Jazira da Sinnar, in ba yaranmu ne suka zana shi suka rubuta shi ba, wani ne zai ba da labarin yadda ya ga dama.

Ina roƙon kowane alaramma da wasiƙar nan ta isa gare shi ya sa a karanta ta a zaure bayan sallar la'asar, gardawa na zaune, domin su ne ke tare da yaran dare da rana. Wanda yake ganin na kauce a wata magana, ya gyara mini a fili yadda na yi tawa a fili, zan karɓa da hannu biyu. Malamin da ya yarda a fara zaman Alhamis a tsangayarsa a nan Gadarif, ni zan zo da kwalaye da ƙaro, in zauna tare da yaran.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.

Wassalam,
ɗanku, malamin firamare daga Wad Madani, mazaunin Gadarif a yanzu.